Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Masu Karɓar Sadaka Da Sunan Marayu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, mu talakawanka mazauna Gwammaja mun kawo kukanmu gabanka.

A azumin da ya wuce wata ƙungiya ta shigo unguwarmu, ta bi gida-gida tana rubuta sunayen marayu da matan da mazajensu suka rasu. Aka tara su a fili tun hantsi, da azumi a bakinsu. Aka jibge buhunan shinkafa da gero, aka jera yaran a gaba, aka ɗauki hoto, aka sa a Facebook haɗe da lambar asusu. Da aka watse, kowace uwa ta koma gida da abin da bai wuce kwano biyu ba, buhunan kuwa aka mayar cikin mota. A kan idonmu aka yi. Har yau hotunan yaran nan suna yawo a waya ana roƙo da su.

Ɓarnar ta kai inda ba mu zata ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da suka saba aiko mana da zakka da sadaka sun ja baya. In kwamitin masallaci ya je nema wa maraya kuɗin magani, sai a ce, "Wa ya san ko tana isa?" Ba mu ga laifinsu ba, guminsu ne. Amma yaron da ke kwance shi yake ɗanɗana kuɗar abin da bai ci ba.

Mun san Suratut Tauba, aya ta 60, ta ba ma'aikatan zakka kaso cikin kaso takwas. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ita ma ta faɗi abin da mai cin dukiyar maraya yake zubawa a cikinsa: wuta.

Muna roƙo ka umarci dagatai da masu unguwanni kada wata ƙungiya ta sake rubuta sunan kowa sai ta nuna takardar rajistarta ta CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. A yi rabo gaban liman da mai unguwa, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, a bar ɗaukar fuskar yara. Mai son ba da zakka kuma a nuna masa Hukumar Zakka da Hubusi da jiha ta kafa tun 2003. Batun waccan ƙungiya, muna so ka miƙa shi ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. Iyaye matan a shirye suke su ba da shaida duk ranar da ka kira.

Allah ya ja zamaninka.

Talakawanka,
Mazauna Gwammaja, Kano