A koya wa ɗalibanmu auna iskar teku, don daga can damina ke tasowa

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku don jan hankalin hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, da jami'o'inmu na Kaduna da Zariya kan koya wa ɗalibai auna iskar teku.

Ruwan da manomin Giwa ko Birnin Gwari ke jira a watan Mayu, iskar kudu maso yamma ce ke kwaso laimarsa daga Mashigin Tekun Gini. Wanda bai san ƙarfin wannan iska da alkiblarta a kan teku ba, hasashensa na damina ragagge ne.

Na'urar da ke wannan awo nau'in rada ce, ana ce mata sikatiromita. Daga kan tauraron ɗan adam take harba igiyoyin maikurowef zuwa fuskar teku, ta auna abin da ya dawo. In ruwa ya kwanta luf, igiyar sai ta kauce ta yi wani gefe. In iska ta tayar da ƙananan tozayen ruwa masu 'yan santimita, abin da ke dawowa sai ya ƙaru. Da haka ake lissafa gudun iska a tsayin mita 10 daga fuskar ruwa. Dare ba ya hana ta aiki, gajimare ma haka.

Alkibla ce mai wahala. Sikatiromitar ASCAT, wadda ke kan taurarin Metop na Turai tun 2006, tana da eriya uku a kowane gefe don ta kalli wuri ɗaya ta fuska uku. Duk da haka lissafi kan fitar da amsa biyu zuwa huɗu, galibi biyu masu kishiyantar juna, sai an gwada da hasashen kwamfuta kafin a zaɓi ɗaya. A nan sabon shiga ke yin kuskure, ya ɗauki iskar da ta doshi gaɓa a matsayin mai barinta.

Ruwan sama mai ƙarfi yana ɓata awo, domin ɗigo na raunana igiyar, yana kuma hargitsa fuskar teku. Sikatiromitar QuikSCAT ta Amurka, mai igiya ta gigahaz 13.4 (ma'aunin saurin kaɗawar igiya), wadda ta yi aiki daga 1999 zuwa 2009, ta fi fama da wannan. ASCAT mai kusan gigahaz 5.3 ta fi jurewa. Kusa da gaɓar Legas kuwa, amsawar ƙasa na gauraya da ta ruwa, don haka dole a yi taka-tsantsan da awon bakin teku, a riƙa gwada sauran da na ma'aunan da ke shawagi a kan ruwa, irin na shirin PIRATA.

Hukumar taurarin yanayi ta Turai, EUMETSAT, na bayar da bayanan ASCAT kyauta. Abin da muka rasa shi ne isassun masu karanta su. Muna kira ga sassan nazarin ƙasa da fiziks su sa wannan a manhajar shekarar ƙarshe, NiMet kuma ta karɓi ɗaliban su yi horon aiki kafin faɗuwar damina mai zuwa.

Wassalam,
Wasu masu nazarin yanayi, Kaduna