Olsa da Maganar da Ba a Tuhuma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda muke ɗaukar kowace maganar masana tamkar yankan wuƙa.

Shekara da shekaru likitocin duniya sun tafi a kan cewa damuwa ce ke kawo gyambon ciki, wato olsa. A 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa. Aka yi watsi da maganarsu, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu. Sai a 2005 suka karɓi kyautar Nobel.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, har yau mutanenmu na ɗora wa yunwa da yaji laifi, suna ta shan magani ba gwajin asibiti.

Naka,
Mai karatu daga Zariya