Zuwa ga Ummi, kafin ki fara shiga gidajen mutane

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, Babanki ya gaya mini an ɗauke ki cikin masu binciken zaman iyali da lafiyar yara. Alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka. Da yake a ɗakin awo na yi aiki har na yi ritaya, ga abin da nake so ki riƙe.

Za ki tambayi mace 'ya'ya nawa ta haifa, kuma tun daga nan lissafi yake karkacewa. Wata ba za ta sa ɗan fari ba saboda alkunya. Wata za ta haɗa da ɗan riƙo, ta tsallake nata da ke hannun kakarsa. Wanda ya koma kafin suna kuwa, sau da yawa ba a ambatonsa sai an bi a hankali. Ba ƙarya take miki ba, haka aka tarbiyyantar da ita. Ki bi ta ciki bayan ciki, kina cewa bayan wane sai wa, akwai wanda ya koma a tsakani? In ta ce akwai, ki yi mata ta'aziyya kafin ki rubuta. Shekarun yaro ma kada ki tsaya neman kwanan wata. Ki tambayi azumi nawa ya gani, da damina aka haife shi ko da kaka. Kuma kada ki yi mata irin waɗannan tambayoyi kishiya na tsaye ko suruka na kasa kunne.

Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma abin ya fi muni a nan Arewa maso Yamma. Wannan adadi daga bakin iyaye mata aka tattara shi, a tsakar gida, domin yawancin haihuwarmu da rashinmu ba sa shiga rajistar asibiti. In mai tambaya ta yi garaje, yaran da suka rasu sai su ɓace a takarda, gwamnati ta ɗauka an samu sauƙi.

Wani magidanci zai tare ki a zaure ya ce ba ya so. Kada ki kira shi jahili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, har Kano ba ta dawo ba sai 2004. Don haka takardar amincewar nan ki karanta musu ita da Hausar da suke ji, ki gaya musu suna da damar ƙi. Dangwala yatsa ba tare da fahimta ba, ni ban ɗauke shi yarda ba, ko da shugabanku yana matsa miki ki cika adadi.

Ki yi aiki da ido kuma. A Zamfara a 2010 yara kusan 400 suka rasu da gubar dalma, kuma tushen abin a cikin gida yake: ana daka dutsen zinariya ana niƙa shi inda yara ke rarrafe. Ba kowace takardar tambaya ce za ta kamo wannan ba.

Za ki ga an zubar da dakashi, an ba jariri ruwa, an kira wanzami ya cire beli. Ki rubuta yadda aka faɗa, ki tambayi wa ya yanke shawara, galibi kaka ce ko maigida. Fuskarki kada ta nuna ƙyama, in ta nuna, gida na gaba amsar da kike so za a ba ki. Amma in kin sa ma'aunin damtse ya nuna ja, ko kin ga ƙafafun yaro sun kumbura, alamun tamowa mai tsanani ke nan, ki ajiye biro ki ga an kai shi asibiti a ranar.

Ki fara da gaida mai unguwa kafin ki shiga ko'ina, ki sa hijabi mai sauƙi, kuma la'asar ta same ki a hanyar dawowa. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare.

Mahaifiyarki.