Rahoton shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta masu rawar fuska da karkacewar baki, Legas

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. A madadin kwamiti ga bayanin abin da muka yi a bana, wanda bai samu zuwa mitin ba sai ya karanta a nan, wanda kuma bai iya karatu ba dan Allah ɗansa ya karanta masa.

Babban aikin bana shi ne yawon wayar da kai. Mun je Agege, mun shiga Mile 12 wajen 'yan gwari, mun je Alaba Rago da Obalende, kuma ko'ina magana ɗaya muke tararwa, wai aljani ne ya mari mutum ko iska ta buge shi shi ya sa bakinsa ya karkace. Mu ba ma hana kowa addu'a, amma mun dage a kan a haɗa da asibiti da wuri, saboda shanyewar ɓarin fuskar nan da likitoci ke kira Bell's palsy maganinta prednisolone ya fi aiki in an fara cikin awa 72, kuma yawancin mutane suna warkewa cikin makonni zuwa 'yan watanni. Idon da ba ya rufuwa a riƙa ɗiga masa magani a rufe shi da filasta da dare kar ya bushe. Mun kuma nanata cewa in karkacewar ta zo da mutuwar hannu ko ƙafa ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ranar za a tafi asibiti ko da goslo ya kai ina.

Sai zaman da muka yi da likitan ƙwaƙwalwa da ya amsa gayyatarmu, ni a ganina ba mu yi abin da ya kai shi amfani ba duk shekarar. Ya raba mana cutukan da muke haɗawa wuri ɗaya. Masu rawar ɓari ɗaya, wadda ke farawa daga ƙasan ido ta gangaro kumatu har baki kuma ko a barci ba ta bari, galibi jijiyar jini ce ke danne jijiya ta bakwai, wato jijiyar da ke motsa fuska, daidai inda take fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, bugun jinin na gogar ta har rigarta ta lalace kamar wayar lantarki da robarta ta zaizaye. Su kuma waɗanda idanunsu biyu ke matsewa da kansu, musamman iyayenmu mata da suka haura 50, matsalar daga can cikin ƙwaƙwalwa take, wuraren da ke daidaita motsi. In ta haɗa da baki da haɓa ana kiranta da sunan likitan Faransa Henry Meige da ya yi bayaninta a 1910. Ya ce bincike da na'urar MRI ya nuna bambanci a wasu sassan ƙwaƙwalwar masu irin wannan ciwo in an gwada da masu lafiya, irin su talamus da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, kuma wallahi ranar wasu sun yi kuka, saboda shekara da shekaru ana ce musu su suke ƙifta ido da gangan ko rashin kunya ce. Ya kuma ja kunne kan wasu magunguna kamar haloperidol da metoclopramide, in an daɗe ana sha suna iya jawo taunar baki da motsin harshe, amma kar wanda ya daina shan maganinsa sai ya koma wajen likitan da ya rubuta.

Maganar allurar Botox ita ta fi cinye mana asusu. Amurka ta amince da ita don matsewar ido tun 1989, tana aiki sosai, sai dai wata uku zuwa huɗu take yi ta sake, dole a koma, ga tsada ga faɗuwar naira. Mun tallafa wa waɗanda suka fi buƙata gwargwadon abin da ke hannu, wasu har yanzu suna layi kuma abin na damunmu. Tiyatar da ake sa ɗan Teflon, wani abu mai laushi dangin roba, tsakanin jijiyar jini da jijiyar fuska ita ke iya kawar da rawar ɓari ɗaya gaba ɗaya, amma tana da haɗarin taɓa jin kunne, don haka sai an yi hoto an zauna da likitan tiyata.

Matasanmu sun yi ƙoƙari wajen raka marasa lafiya asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna musu tafinta, saboda da yawa Turanci da Yarbanci na ba su wahala, Allah Ya saka musu da alheri. Ziyarar gida kam mun yi rauni, musamman ɓangaren mata.

Badi muna son a samu mata biyu a kwamiti, a kuma ware asusun allura daban da na zirga-zirga. Masu bashin kuɗin wata dan Allah a kai wa ma'aji kafin mitin na gaba, za a saka rana da wuri a gurup ɗin WhatsApp.

Wassalam,
Sakatare