Zazzaɓin Yara: Abin Da Uwa Za Ta Yi A Gida Da Inda Dabarar Gida Ta Ƙare

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyaye mata da kakanni, da kuma iyaye maza masu fitar da kuɗin magani, a kan zazzaɓin yara. Damina ta kankama, sauro ya yi yawa, kuma a irin wannan lokaci ne ake ta yaɗa haɗe-haɗen ganyaye a WhatsApp da Facebook, ana cewa suna kashe zazzaɓi cikin dare ɗaya. A cikin dabarun gida akwai masu amfani ƙwarai, akwai kuma masu jefa yaro cikin halaka, don haka muka ga ya wajaba a ware tsaki da tsakuwa.

Zafin jiki hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. Tana iya zama cizon sauro, ko mura, ko ciwon kunne, ko ƙyanda, ko ciwon haƙarƙari, ko sanƙarau. Duk abin da uwa za ta yi a ɗaki, amfaninsa biyu ne: ta sauƙaƙa wa yaro, ta kuma hana jikinsa bushewa kafin a gano cutar. Ya kamata kowane gida ya mallaki ma'aunin zafin jiki, domin bayan hannu yakan yaudari mutum. In an sa shi a hammata ya nuna 37.5 ko fiye, akwai zazzaɓi.

Abu na farko shi ne a rage wa yaro kaya. Lulluɓe shi da bargo don ya yi gumi yana kulle zafin ne a jikinsa. A bar masa riga mara nauyi, a buɗe taga. Sanyaya zazzaɓi da ruwa ya zo a hadisi ingantacce, sai dai a kula da irin ruwan. A sirka shi ya yi ɗumi-ɗumi, yadda in kin tsoma gwiwar hannunki ba za ki ji zafi ko sanyi ba, a jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa goga masa a goshi da wuya da hammata da matsematsi. Ruwan randa mai sanyi ƙarara, balle na ƙanƙara, yana sa jijiyoyin jinin fata su tsuke, yaro ya kama makyarkyata, makyarkyatar kuma ta ƙara masa zafi a ciki alhali fatarsa ta yi sanyi. Da zarar ya fara rawar ɗari, a dakata.

Ruwan sha ya fi komai muhimmanci, kuma a nan aka fi yin sakaci. Jaririn da bai kai wata 6 ba, a yawaita ba shi nono kawai, dare da rana. Wanda ya wuce haka a haɗa masa da tafasasshen ruwa, kunun gyada, koko, romon farfesu mara yaji, kankana ko lemo, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. In da gudawa ko amai, a haɗa ruwan gishiri da sukari. Na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi, a bi adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita 1, wato leda biyu ta fiya wata, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Gishiri in ya yi yawa yana iya jawo jijjiga, sukari in ya yi yawa yana ƙara gudawar. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14. Maɗigar da ta faɗa alamar bushewar jiki ce, ruwa take nema ta baki, shafa mata ƙulli a kai ba ya ɗago ta.

Farasitamol kuwa da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha mililita 5 na ruwan maganin da aka rubuta 120mg/5ml a kwalbarsa, bayan kowace awa 6, kada a wuce sau 4 a yini da kwana. A auna da murfin awo ko sirinji, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba yaro farasitamol, a kuma ba shi maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a cikinsa, hanta ta sha wuya. Asfirin ba na yara ba ne sam.

Sai maganar da ta fi tsaya mana a rai, wato jiƙe-jiƙe. Ba mu raina itatuwa ba. Kwinin, tsohon maganin maleriya, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Sinadarin da ke cikin maganin maleriya na yau ma daga wata ciyawa ta ƙasar Sin aka ciro shi, 'yar uwar tazargade, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne ƙwayar an san adadin maganin da ke cikinta. Tukunyar darbejiya da ganyen mangwaro da gwaiba da maɗaci kuwa, wadda ta dafa ma ba ta san ƙarfinta ba, ta yau daban ta gobe daban. Hanta da ƙodar yaro ƙanana ne, abin da babba zai sha ya miƙe shi ne zai kwantar da ɗan shekara biyu. In kuma jiƙon ya yi rauni, sai ya ɗan rage zafin, iyaye su saki jiki, ƙwayar cutar tana can tana cin jinin yaro. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan shayin waccan ciyawa a matsayin maganin maleriya ba. Jiƙon dauri da ake ɗura wa jarirai ya fi muni, domin da ruwan ake shigar musu da ƙwayoyin gudawa, wani lokaci kuma su shaƙe ya tafi huhu.

Sirace ma a bar wa manya. Yaron da aka rufe da zane a kan tukunyar tafasasshen ganye yana ƙara bushewa, kuma motsi ɗaya ya isa ruwan ya kife masa a jiki. Haka nan tura man zafi ko kafur a hancin jariri yana iya tauye masa numfashi. Zuma tana da daraja a wurinmu, kuma tana sauƙaƙa tari: rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin barci ga wanda ya cika shekara. Wanda bai cika shekara ba kada a ba shi, domin akan samu wata ƙwayar cuta a zuma wadda hanjin jariri bai iya kashewa, gubarta tana sa jikinsa ya saki. Addu'a da tofi a yi su da yaƙini, a kan hanyar zuwa asibiti.

A ƙasarmu duk yaron da ya yi zazzaɓi ya kamata a yi masa gwajin maleriya kafin a cika awa 24. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. In an samu, maganin da aka fi bayarwa, irin su Coartem, sha 6 ne cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, kuma da nono ko madara ko abinci mai maiƙo jiki ya fi karɓarsa. Yaro yakan warware a kwana na biyu, sai wasu iyaye su ɓoye sauran don gaba. Wannan ne ke sa ciwon ya dawo. A shanye duka. Kulorokwin kuma an daɗe da daina dogara da shi saboda ƙwayar cutar ta riga ta saba da shi.

Kada a ce haƙori ne a zauna. Fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin haƙori na My Pikin ya lalata ƙodar yara, fiye da 80 suka rasu a Najeriya. Cire beli da tsaga a wurin wanzami su ma ba sa sauke zazzaɓi, sai dai zubar jini da shigar cuta ta aska.

In jijjiga ta kama yaro, a kwantar da shi a gefensa a ƙasa, a sassauta masa riga, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta, kada a matsa masa albasa a ido ko a turara masa hayaƙi. Ba ya haɗiye harshensa, abin da aka ɗura masa ne ke shiga huhu. Ko ta tsaya da kanta a kai shi asibiti a lokacin, domin maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau haka suke farawa. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a fita da shi a guje.

Haka kuma babu jiran wayewar gari ga jaririn da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya yi zafi, da mai sikila, da yaron da ya ƙi kama nono ko yake amayar da komai, da wanda barci ya yi masa nauyi har ba ya farkawa sosai, ko wuyansa ya sandare, ko maɗigarsa ta kumbura, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. A ɗaga riga a ƙirga numfashi na minti ɗaya yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon haƙarƙari ce, balle in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa.

Muna kuma roƙon masu gida su buɗe ƙofa ga ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina suna raba maganin rigakafin maleriya ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake, kuma sai an cika ukun kowane wata yake ba da kariya. Yaro ya riƙa kwana cikin gidan sauro, a cusa gefensa a ƙarƙashin katifa ko tabarma tun da magariba.

Mun gode, Edita. Allah Ya raya mana zuriya.

Daga wasu ma'aikatan jinyar yara, Zariya.