Ƙaramin jirgin ƙasa a kan tebur ba wasan yara ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya sanyi ya ƙoƙari. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina yi a nan Jos kuma ban taɓa ganin an yi rubutu a kansa da Hausa ba, wato haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, da layinsu da tasharsu da duwatsu da komai. Da yawa in suka ji sai su ce ai wannan wasan yara ne, magidanci da iyali me zai yi da shi. To ni dai na ce ba haka ba ne, kuma in akwai garin da ya kamata a riƙe wannan abu da gaske a Najeriya to Jos ne.

Dalilina shi ne garin nan jirgi da kuza ne suka raine shi. Kafin dogo ya hau tudu a ka ake sauke kuza, sai Turawa suka shimfiɗa ƙaramin layin nan da ake kira Bauchi Light Railway daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka buɗe shi kashi-kashi tsakanin 1912 da 1914, faɗinsa ƙafa biyu da inci shida kacal, kuma duk da sunan nasa bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A 1927 babban layi mai ƙafa uku da inci shida ya iso ta Kafanchan, shi kuma ƙaramin aka rufe shi a 1957. Daga Kuru nan kusa da mu ne aka ja layin Borno wanda ya isa Maiduguri a 1964. Yau duk wanda ya ce zai je Taminus cefane sunan tashar jirgi yake kira ko ya sani ko bai sani ba. Amma ka tari matashi ka tambaye shi yaya taragon gyaɗa yake, ko ina jirgin Zariya yake bi, ba zai iya ce maka komai ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba wanda ya nuna masa. Ragowar kayan wancan ƙaramin layin suna nan a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, sai dai a tsaye suke. A kan tebur kuwa za ka iya sa su yi tafiya, yaro ya tsuguna ya ga jirgi ya fito daga bayan dutse ya tsaya a tasha, gani ya kori ji.

A Ingila da Jamus da Amurka da Japan abin ya zama babbar harka, akwai kamfanoni irin su Hornby da Märklin da Bachmann da Kato da suke ƙera kayan, kuma a Hamburg ta Jamus akwai Miniatur Wunderland, babban gidan nunin irin waɗannan ƙananan jirage, da aka buɗe a 2001 inda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallo. Ni ba wannan nake so mu kwaikwaya ba. Abin da ke damuna shi ne ɗan abin da ake samu a nan duk na ƙasarsu ne, koren ciyawa shar, gidajen jan bulo, tarago fes ba ƙura, to in ka jera su haka a ɗakinka ka gina Ingila ne kawai a Unguwar Rogo. Namu nake so mu gina.

Farko dai sai mutum ya gane maganar ma'auni don a nan ake asarar kuɗi. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne ake kira HO, kashi 1 cikin 87, wato komai an rage girmansa sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, mutum a wannan ma'aunin bai fi santimita biyu ba. Ingilawa suna da OO, 1 cikin 76, a kan layi iri ɗaya. Sai N mai layin milimita 9 ga wanda ɗakinsa ƙarami ne. To amma shi layin HO an yi shi ne don babban dogo mai milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, tsohon dogonmu kuwa mai ƙafa uku da inci shida milimita 1067 ne. Saboda haka in tsohon reluwe kake so, ko dai ka nemi layin milimita 12 ka tsaya a 1 cikin 87, ko kuma ka yi dabarar da mutanen New Zealand suke yi tunda su ma faɗin dogonsu irin namu ne, wato ka sayi layin HO da tayoyinsa amma ka gina jikin taragon a 1 cikin 64, lissafin sai ya zo kusan daidai. Ni wannan na fi so wallahi, don kayan suna fitowa da ɗan girma, hannu na iya kama su, kuma layin HO ya fi sauƙin samu ko na hannu ne. Shi kuma ƙaramin layin Zariya mai milimita 762, layin N a ma'aunin 1 cikin 87 ya yi masa daidai.

Tebur kuwa kowa tunaninsa falanki mai ƙafa takwas da huɗu jirgi na ta zagaye, amma a irin ɗakunanmu ina za ka kai shi. Gara kanta doguwa a jikin bango, faɗin ƙafa ɗaya da rabi ya isa, ka yi tasha ɗaya da layin ajiye tarago biyu ko uku da wurin canjin layi, jirgi ya shigo ya sauke ya ɗauka ya fita. Kasuwar Katako za ka samu falanki, amma ka sa kafinta ya yi masa firam a ƙasa kuma ka shafa fenti ciki da baya, in ba haka ba damina ɗaya ta Jos za ta lanƙwasa shi layi ya tashi jirgi ya riƙa faɗuwa. Hawa kar ya wuce santimita biyu ko uku a kowace mita in kana so kan jirgi ya ja kaya. Wuta bolt 12 ce, ko batirin sola ya isa.

Inda na fi daɗewa kuma na fi jin daɗi shi ne tsufar da tarago. Sabon tarago in ka ciro shi daga kwali yana ta ƙyalli kamar kwanon amarya, ido na ganinsa ya san roba ce. Taragon gaske kuwa ya sha rana ya sha ruwa ya sha ƙurar hunturu, kuma kowane datti da ke jikinsa akwai dalilinsa, wannan shi ne abin da sababbi ba sa lura, sai su kwaɓa baƙin fenti su shafe ko'ina su ce sun tsufar. Ruwan sama daga sama yake gangarowa, to duk zanen tsatsa ƙasa zai yi, daga kan ƙusa ko hinjin ƙofa ko bakin rufi, siriri yana ƙara dishewa. Ƙura kuwa daga ƙasa take tashi, tayoyi ne ke watso ta, saboda haka gindin tarago ya fi datti yana raguwa in ana yin sama. Wajen akwatin gatarin taya baƙin mai ne, shi kaɗai ne aka yarda ya ɗan yi sheƙi. Rufi rana ta cinye shi, launinsa ya koɗe.

Yadda nake yi, sai in cire tayoyin in ajiye gefe don fenti in ya hau inda taya ke taka layi wuta ba za ta wuce da kyau ba kuma zai ɓata layin. Sai in kashe ƙyallin da banish marar sheƙi. Bayan ya bushe in tsinka fentin ruwa, baƙi kaɗan da ruwan ƙasa, ya zama tsararo sosai, in ɗiga shi da ƙaramin buroshi ya bi tsagar katako da kansa, in sa auduga in goge ƙasa-ƙasa. Sai in ɗauko wani buroshin mai tauri in taɓa fenti mai haske in goge shi a kwali har ya kusa bushewa sannan in shafa a kan kusurwoyi, nan take ƙusoshi da gefen ƙarfe za su fito. Na ƙarshe shi ne ƙura, kuma a nan ne muka fi Bature sa'a don shi sai ya sayi garin launi a kwalba, mu kuwa jar ƙasa tana ƙofar gida. Ka ɗebo ka soya ta a tsohuwar tukunya ta bushe ƙwari su mutu, ka daka ka tankaɗe da tsumma mai laushi, sannan dan Allah ka bi ta da maganaɗisu kafin ka kai ta kusa da jirgi, za ka sha mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne, shi ne in ya shiga motar kan jirgi yake kashe ta. Ɗan kaɗan ake sawa a tsaya a duba da hasken rana, don ƙarawa ba wuya, cirewa ce aiki.

Kuma kar a tsufar da tarago duka iri ɗaya. Wanda ya ɗauko kwal daga Inugu baƙi ne har cikin tsaga, na shanu gindinsa ne ya fi ɓaci ga ciyawa a maƙale, rufaffen da ke ɗaukar buhunan gyaɗa da auduga bakin ƙofarsa ne ya goge saboda jan kaya. A jere ɗaya a samu wanda bai daɗe da fitowa daga gyara ba, a samu wanda ya gaji. Shi kansa layin gefensa ake wa fentin tsatsa a goge samansa tas, sai na ajiya wanda ba a cika bi ba.

Sauran kayan fili duk a gida ake yi. Tsakuwar layi yashi ne tankaɗaɗɗe, a jera shi da buroshi a ɗiga farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulun ruwa don ya shige. Duwatsunmu masu hawa kan juna irin na hanyar Bukuru, farin kumfan da ke zuwa a kwalin firij ake sassaƙawa a shafe da filasta. Bishiya wayar tagulla ce a murɗe da garin soso, busasshiyar ciyawa zaren igiya, kwanon rufi gwangwani. Kududdufin kuza fenti ne a ƙasa da banish hawa-hawa, a yi masa tulin ƙasa a gefe, duk ɗan Jos na gani zai gane gida. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da sa mutum-mutumi ba ya bar su, tasha da buhuna da kekuna da amalanke tana yin kyau haka nan.

Ba zan ɓoye ba, kan jirgi da layi da tayoyi daga waje suke zuwa kuma da halin da naira ke ciki akwai tsada. Amma kan jirgi ɗaya ya ishi mutum shekaru, tarago kuwa da kwali mai tauri da siraran katako ake yi. Yaran da ke ƙera motar kara da motar gwangwani a unguwanninmu hannunsu ya riga ya faɗa, abin da suka rasa rula ce da wanda zai nuna musu lissafin ma'auni, kuma wanda ya gama tebur ɗaya ya taɓa kafinta ya taɓa wayarin ya taɓa fenti ya taɓa tarihi. Ina ma makarantun koyon sana'a na Filato za su ɗauki wannan a matsayin aikin ɗalibai, aji ɗaya su gina tashar Jos, wani ajin ya gina Kuru.

Abin da ya fi sa ni rubuto wannan wasiƙa shi ne tsofaffin ma'aikatan reluwe, direbobi da masu zuba kwal da masu gyaran layi, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin hotunan wancan lokacin baƙi da fari ne, launin tarago da na ginin tasha a kansu kawai yake. Roƙona Malam Edita shi ne ka ba mu ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, duk wanda yake da tsohon hoton tashar Jos ko Bukuru ko Kuru ko Kafanchan a akwatin mahaifinsa ya ɗauka da waya ya turo ku buga, da sunan wurin da shekarar in an sani. Wanda kuma yake wannan harka a Abuja ko Kaduna ko Zariya ya rubuto ta hannunku mu san juna, musamman in akwai mai firintar 3D da zai iya fitar mana da ƙasan tarago a ma'aunin 1 cikin 64.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos