Wasiƙa daga Damagaram zuwa Bilma a kan masu ciwon asma

Aminina Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma sanyin Kawar bai tsananta muku ba. Takardarka ta iso ni ta hannun direban da ya kawo dabino, iyali suna godiya ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambayar da ka yi a ƙarshenta, wato da me nake aiki wajen gane ciwon asma da kula da masu shi a inda babu likitan huhu, ita ta sa na zauna na rubuto maka a tsanake, domin magana ce da ba za ta ƙare a waya ba, balle yadda layinku yake yawan yankewa.

Tambayar ta zo a kan gaɓa. Tun da hunturu ya shiga hazo ya rufe garin, har mutum yana tsaye a Zango ba ya hango duwatsun Birni, kuma kusan kowane dare sai an kawo mana wanda numfashinsa ya sarƙe. Abin da ya fi damuna shi ne fuskokin ba baƙi ba ne. Mutum ya zo yana haki, a yi masa allura, a saka masa ƙarin ruwa, a rubuta masa amoksisilin, ya samu sauƙi ya koma gida, bayan wata guda ya dawo a yanayin da ya fi na farko muni, kuma a duk wannan zirga-zirga babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa asma gare shi, ciwo ne mai daɗewa, yana da maganin da ake sha ko da ana jin lafiya. Muna kashe wutar da ta kama a daren, muna barin garwashin a ƙarƙashin toka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, 455,000 suka rasu, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe irin tamu suke faruwa, inda ba a gane ciwon da wuri, maganin shaƙa kuma yake wuyar samu.

Gane shi yana farawa ne daga tambaya, kuma tambayar tana cin lokaci. Ina tambaya ko tarin yana tsananta cikin dare ko da asuba, ko ƙirji yana ɗaurewa yana fito, ko abin yana zuwa ne yana tafiya, ko tun yarinta aka fara, ko akwai mai irinsa a gida, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. Sai in bi abin da ke tayar da shi: ƙurar hunturu, ƙaiƙayin sussukar gero, hayaƙin itace a ɗakin girki, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa a ɗaki rufe, da asfirin ko ibuprofen ga wasu. Amma kafin in rubuta asma a katin kowa, duk wanda tarinsa ya kai mako biyu sai an gwada majinarsa saboda tarin fuka. Dattijon da ƙafafunsa suka kumbura ina duba zuciyarsa, dattijuwar da ta shafe shekaru a bakin murhu kuma ina tuna cewa hayaƙi yana toshe huhu toshewar da ba ta buɗewa da salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska, kamar yadda asma ke yi.

Na'urar sifirometa, mai auna aikin huhu, ba mu da ita, kai ma na san ba ka da ita, amma ɗan ma'aunin ƙarfin hura iska, na roba, wanda ba ya bukatar wuta ko batir, ya canza mini aiki. Hanyar tana cikin kundin PEN na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara musamman don ƙananan cibiyoyin lafiya. Maras lafiya ya tsaya, ya cika ƙirjinsa, ya hura da iyakar ƙarfinsa sau uku, ka ɗauki adadi mafi girma, sai ka ba shi fesa biyu na salbutamol, ka jira minti 15, ya sake hurawa. Idan adadin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, to kusan tabbas asma ce. Idan bai ƙaru ba alhali labarinsa ya yi kama da ita, kada ka sallame shi da cewa lafiyarsa ƙalau, domin wataƙila ranar ya zo a sake, sai a maimaita awon lokacin da abin ya motsa. Ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, waɗanda ba za su iya hurawa ba, littafinmu na PCIME, jagoran kula da cututtukan ƙananan yara, ya riga ya faɗa: yaron da ke numfashi da sauri yana fito, a ba shi maganin shaƙa har sau uku, minti 15 zuwa 20 tsakani, a sake ƙirga numfashinsa kafin a ce ciwon huhu ne. Wannan layin yana nan a rubuce, amma a cikin cunkoso ana tsallake shi, yara da yawa suna shan amoksisilin da ba sa bukata.

Wani littafin da nake dogara da shi shi ne jagoran GINA, ƙungiyar duniya kan ciwon asma da aka kafa a 1993, wadda take sabunta shawarwarinta kowace shekara, kuma tana da taƙaitaccen bugu na aljihu. A 2019 ta sauya abin da aka koyar da mu a makaranta: ta daina amincewa a bar babba ko matashi a kan salbutamol kaɗai, ko da ciwonsa mai sauƙi ne, saboda salbutamol buɗe hanyar iska kawai yake yi, ba ya taɓa kumburin da ke cikinta. Sun nuna cewa wanda yake ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo. Abin da suka fi so shi ne haɗin budesonid da formoterol a gwangwani guda, wanda yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, sai dai a nan samunsa da kuɗinsa sun fi ƙarfin yawancin waɗanda nake gani. Saboda haka beklometazon, maganin shaƙa mai rage kumburin, shi ne abin da nake rubutawa, safe da yamma, tare da kurkure baki bayan shaƙa, ga wanda kuma na san ba zai jure shan magani kullum ba kuma ciwonsa ba ya yawan tashi, sai in ce duk lokacin da ya ɗauki salbutamol ya bi shi da beklometazon nan take, kuma GINA ta yarda da wannan hanyar.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi faranta mini rai a bana, wato gorar ruwa ta roba mai rabin lita, wadda ake fesa maganin a cikinta maras lafiya ya shaƙa ta bakinta. A 1999 likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town suka wallafa bincike da ya nuna cewa irin wannan gora tana isar da magani cikin huhu daidai da bututun da ake sayarwa da tsada. Manjonmu, wato shugaban ma'aikatan jinya, shi ne yake haɗa su. Yana lanƙwasa waya daidai faɗin bakin gwangwanin, ya ɗora ta a wuta, ya huda gindin gorar da ita, ya cusa bakin gwangwanin tun robar tana da taushi don ya zauna daram, sannan a wanke gorar da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge ba. An kawo mana wata yarinya daga wajen Mirriya, ƴar kimanin shekara bakwai, mahaifiyarta tana cewa maganin shaƙan ba ya yi mata komai. Na ce ta nuna mini yadda take yi, sai na ga tana fesawa a kan harshe, hayaƙin yana fita ta gefen baki. Muka sa mata gorar, fesa ɗaya, numfashi biyar a hankali, sannan na biyu. Kafin mu gama cika katinta kafaɗunta sun sauka, ta fara amsa tambaya da cikakkiyar magana, uwar kuma ta karɓi gorar ta ƙulle a bakin zanenta. Tun daga nan duk wanda ya dawo sai na ce ya shaƙa a gabana in gani, ko da ya ce ya iya.

Wahalar da ta rage ita ce abin da mutane suka ɗauka a ransu. Da yawa sun yi imani cewa wanda ya fara shaƙa ba zai iya bari ba, ko kuwa sai ciwo ya kai maƙura ake ba da shi, iyaye kuma suna ɓoye ciwon ƴarsu don tsoron kada ya hana ta aure. Sun fi son ƙwaya, sai su sayi deksametazon a wajen masu tallar magani su yi ta sha wata da watanni, su zo mana fuska a kumbure, ga hawan jini, ga sukari. Ba na yi musu faɗa, domin maganin ya ba su sauƙi na gaskiya a daren da ba su da kowa. Ina nuna musu ne cewa abin da ke cikin fesa guda kaɗan ne ƙwarai, kuma kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. Da azumi kuma wasu suna ajiye maganin gaba ɗaya, sai na koma tsara musu beklometazon da sahur da bayan buɗa baki, hukuncin shaƙa da rana kuma in ce su tambayi malamansu, amma idan numfashi ya sarƙe kada su jira faɗuwar rana.

Idan an kawo maka mai tashin ciwo, fesa 4 zuwa 10 na salbutamol ta cikin gora kowane minti 20 a awa ta farko, da ƙwayar prednizolon mai rage kumburi tun da wuri, miligiram 40 zuwa 50 ga babba na kwana 5 zuwa 7, ga yaro miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo, kada ya wuce 40, na kwana 3 zuwa 5. Wanda ba ya iya ƙarasa magana, ko ya fara gyangyaɗi, ko ka sa abin saurare ka ji ƙirjin shiru, wannan iskar oksijan yake bukata da turawa gaba, kuma kada a ba shi maganin barci. Ni babban asibiti yana kusa da ni, kai kuwa tsakaninka da Agadas tafiya ce ta hamada, shi ya sa nake ganin rigakafin ya fi zama wajibi a wurinka.

Na san tun muna ɗalibai ba ka ƙaunar cika rajista, amma wannan karon ka daure ka buɗe guda ta masu asma kaɗai. A kowace dawowa tambayoyi huɗu ne game da makonni huɗun da suka wuce: ko ciwon ya motsa da rana fiye da sau biyu a mako, ko ya tashe shi daga barci, ko ya nemi salbutamol fiye da sau biyu a mako, ko ya hana shi aikinsa. Da rajistar ce kuma za ka iya nuna wa masu rabon magani yawan beklometazon da kake bukata, domin abin da ba a rubuta ba, ba a aiko da shi.

Zan ba direban ma'auni ɗaya daga cikin nawa, da bakunan kwali na hurawa, da kwafin shafukan PEN da na GINA, da gora guda da Manjo ya huda don ma'aikatanka su kwaikwaya. Ka rubuto mini ko beklometazon yana isowa Bilma, da kuma abin da ka lura yana tayar da ciwon a wajen masu haƙar gishiri. Inna tana gaishe ka, tana tambayar yaushe za ka sauko. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Zinder